Hutun Citta a Ƙungiyar 'Yan Gayya

Kafanchan, Laraba da hantsi

Alheri 'yata,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Ubangijin da ya raya ki a gidan nan har kika zama mutum, shi ya shiga gabanki a hanyar Ibadan, ya tsare motar da direbanta, ya sauke ki a hannun mutanen kirki.

Mamanki ta ce za ta cusa wannan takarda a jakar da ta sa miki acca da garin citta, don ta san ita za ki fara buɗewa in kin sauka. Kin san bakina. Shekara da shekaru ina tsayawa gaban ɗalibai da safe ina magana har ƙafafunsu su gaji, amma in aka zo kan cewa "na yi kuskure" sai harshe ya yi mini nauyi. Shi ya sa na ɗauki biro. Abu ɗaya nake roƙo, zan faɗe shi tun yanzu don kada ki yi ta nemansa a ƙasan takarda: ina so ki fita daga 'Yan Gayya. E, ƙungiyar da kika kafa da hannunki a wasan nan na waya, wadda ni ma nake ciki. Sau uku babbar ƙungiyar nan ta ƙwararru tana aiko miki gayyata, sau uku kina ƙi, kuma ni da ke mun san ba don ba kya so ba ne. Saboda ni ne. Ki bari in faɗa miki yadda na kai mu nan, sannan ki yanke.

Kuskurena na farko a kanki na yi shi. Kina shekarar farko a makarantar koyon jinya, kin dawo hutu, duk lokacin da na leƙo sai in tarar kin sunkuya kan waya kina gina wani gari mai ganuwa da gonaki, kina dariya ke kaɗai. Ban tambaye ki kome ba. Na ƙwace wayar na kulle a akwatina, na kuma taka har gidan Fasto na ce ya sa ki a addu'a. Mako guda cur. Ranar da na mayar miki kika duba, sai hawaye. Na ɗauka kukan waya ne, sai kika ce, "Baba, mu huɗu ne kawai, kuma na yi musu alkawari ni zan tsare ƙofar gabas ran Asabar. Sun jira ni." Na ce wace ƙofar gabas, gidan nan ai ƙofa ɗaya gare shi. Na yi dariya, mamanki ba ta taya ni ba. Ni da na sha yi wa yara bulala a kan saɓa alkawari, ni ne na sa 'yata ta saɓa nata, ban ma san na yi ba.

A Ibadan za ki tarar da mutane sun taru a kan abubuwan da za su yi miki kama da shirme. Kada ki yi irin tawa. Kafin ki raina taron wasu, ki ja ɗayansu gefe ki tambaye shi wa yake jiransa a ciki.

Daga nan sai wata akuya ta gitta wa babur ɗina a hanyar Kagoro, ƙashin cinya ya karye, na kwanta. Makonnin farko gidan ba masaka tsinke: dattawan ikilisiya, zumuntar mata da kwanonin kunu, tsofaffin ɗalibaina. Ba na ganin laifin kowa, amma damina ta sauka, kowa ya koma gonarsa, ɗakin ya yi shiru. Na haddace tsagar da ke jikin silin, na san ƙarfe nawa kazar maƙwabta take hawa taga. Zuciyata ta yi baƙi, 'yata, fiye da yadda na bari kuka gani. Wata rana na yi wa mamanki tsawa a kan gishirin miya har ta fita ta bar mini kwanon. A ranar ce kika zauna a bakin gado, kika ɗauki wayata ba ki nemi izini ba, kika sa mini wasan. Kika ce, "Baba, ga fili, ka gina makaranta in kana so." Mamanki daga bakin ƙofa ta ce, "Malam, kai da ka kai yarinya wurin Fasto, yanzu wa zai kai ka?" Ita ce kuma ta ce a sa mini suna Hedimasta a cikin wasan, wai don mutane su yi hattara tun da wuri.

A can na ga abin da na kulle a akwati. Ku huɗun nan 'yan aji ɗaya kun zama wajen ashirin, kuma yawancinsu ba ku taɓa haɗa ido ba. Na tambaye ki yadda aka yi, kika ce ba wanda ya shirya. Wata ta jawo ƙanwarta, wani ya ga sunan 'Yan Gayya ya gane mutanen gida ne ya ƙwanƙwasa. Haka Hajara ta shigo, tela a bayan kasuwa, mai buga wasa tsakanin ɗinki da ɗinki. Haka Istifanus ya shigo, wanda abin da muka sani game da shi kawai shi ne yana wajen Nok, kuma shi ya koya wa kusan kowa yadda ake jera dakaru. Kowa da garinsa, amma duk Asabar a haɗu a kara da wata ƙungiya, kuma kafin ranar, mai ƙarfi ya aika wa mara ƙarfi masu gadi. Na lura da abu guda: mutane don cin nasara suke shigowa, amma abin da ke zaunar da su hirar da ake yi a gefe ce. Garina ya fi na kowa muni, ganuwar a karkace, amma kowace safiya sai in tarar Hajara ta aiko mini maharba, ta rubuta, "Baba Hedimasta, ya ƙafa? An tashi lafiya?" Mutum yana kwance sai ya ji akwai inda za a lura in bai zo ba. Abin da ya ɗaga ni ke nan, kafin sanda ta ɗaga ni. Ban taɓa gode miki da baki ba. Na gode, Alheri.

Da a nan labarin ya tsaya, da takardar gajeriya ce. Amma kika tafi aikin koyo a asibiti na wata uku, kika ce ba za ki samu sukuni ba, kika ɗora ni a matsayin dattijon ƙungiya, mai ikon karɓar mutum da korarsa. Kin ba hedimasta mai ritaya ƙararrawa, me kike tsammani? Kwana biyu ba a yi ba na rubuta dokoki goma sha huɗu. Na sa mamanki ta sayo mini littafin rubutu, na ja layi da rula, na fara kiran suna kamar a aji. Wanda ya makara a jawo masa kunne, wanda ya yi fashin kwana bakwai a sallame shi. Hirar gefe na ce a rage, wai tana cinye lokacin shiri. Sannan na buɗe ƙofa ga baƙi masu manyan garuruwa, samari daga Legas da Fatakwal da ban san ina ba, waɗanda suka ga muna hawa suka zo a hau da su. Turanci suke yi zalla, sai Hausar ta ja da baya, masu yin ta ma suka ja da baya. Muka ci Asabar huɗu a jere. Kaina ya kumbura, har ina kiran mamanki ta zo ta ga matsayinmu. Ta duba ta ce, "To, ina waccan mai gaishe ka da safe? Kwana biyu ban ji ka karanta gaisuwanta ba." Na ce mata aiki ya yi wa Hajara yawa ne, na juya wayar.

In an ba ki riƙon wani abu a wurin aiki, ko ɗakin majinyata ne ko ƙungiyar mawaƙa a coci, ki fara zama ki ga me ya riƙe mutanen kafin zuwanki. Sau da yawa abin da sabon shugaba yake gani kamar ɓata lokaci, shi ne igiyar. Kuma in wuri ya fara yin kyau a ido amma tsofaffin cikinsa sun yi shiru, kada ki ɗauka sun yarda ne.

Yanzu ga babban. Cikin watan Disamba Istifanus ya ɓace. Kwana bakwai, takwas, goma, garinsa a buɗe, abokan karawa suna shiga ta nan suna yi mana ɓarna. Baƙin suka taso ni gaba: a cire shi, akwai gwani yana jira a ƙofa. Na duba littafina, doka ta ce bakwai, na ma yi masa alfarmar uku. Na danna. Wasan ya rubuta wa kowa cewa Hedimasta ya kori Istifanus, ni kuwa na ji daɗin kaina, na ce ga adalci ba sani ba sabo.

Washegari Hajara ta rubuta, "Baba, ni ba zan zauna inda ake korar mutum ba a ji ta bakinsa ba. Allah ya ƙara sauƙin ƙafa." Ta fita, shida suka bi ta, suka kafa tasu 'yar ƙungiyar. Muka sha kashi Asabar biyu, sai baƙin nan suka watse ɗaya bayan ɗaya, ko sallama babu. Ban zarge su ba, abin da ya kawo su ne ya ƙare. Kika dawo gida ana jibi Kirsimeti kika tarar da mu tara. Na shirya jawabin kare kai, har da littafin a buɗe a cinyata. Ba ki ɗaga murya ba. Kika karanta dokokin har ƙasa, sannan kika ce, "Baba, wane wata muke ciki?" Na ce Disamba. Kika ce, "Istifanus kuma a ina yake?"

Na rufe littafin. Ni ɗan Nok ne. A gonar citta aka yaye ni. Na san in haƙa ta kama, mutum ba ya sanin Litinin daga Alhamis: a haƙa, a kwaso, a zauna a tsaga ta da wuƙa ɗaya bayan ɗaya, a shanya a kan dutse, a tsare ta, a juya, a kwashe. Na san yadda yatsu ke tsattsagewa su yi ta raɗaɗi har mutum ya kasa ɓalle maɓallin rigarsa, balle ya shafa gilashin waya. Kakanki da ya haife ni, a wannan watan ko jana'iza sai ta kusa yake zuwa. Samarin Legas ba su da laifin rashin sani. Ni ne kaɗai a cikin masu iko na san wannan, ni ne kuma na danna. Na bar ƙauye na yi boko na yi hedimasta, har na manta akwai kalandar da ba ta makaranta ba.

Kin tuna bayan sabuwar shekara na ce sai na je wurin Istifanus, kika ce a kira shi a waya mana, na ƙi. Hajara ce ta ba mu kwatance, bayan ta sa na jira a bencin shagonta har ta gama kafa hannun riga, kuma na san da gangan ta yi. Ni da mamanki muka shiga ƙaramar bas zuwa Kwoi, daga nan babur, ina rungume da sanda ina addu'ar kada wata akuya ta gane ni. Ina tsammanin zan ga saurayi. Sai ga magidanci da furfura a gemu, tsugune a kan falalen dutse yana juya citta, matarsa na tara wadda ta bushe. Na ce ni ne Hedimasta. Ya miƙe ya cire hula, ya rasa inda zai sa ni, ya kawo buhu ya shimfiɗa.

Na fara ba da haƙuri, ya tare ni. Ya ce, "Baba, ba gudu na yi ba o. Citta ne. Ka duba hannu na." Ya buɗe tafin, duk ya farfashe. Ya ce, "Netwok ma a nan sai na hau wancan dutse. Ranar da na gama haƙa na hau, na buɗe, na ga an cire ni. Na ce to, wataƙila na yi wani laifi ne ban sani ba. Kai babba ne, ka fi ni sani."

Da zagina ya yi da na fi jin sauƙi. Mutum ya hau dutse da farfasasshen hannu don ya gaishe mu, ya tarar an rufe masa ƙofa, ya sauko yana neman laifin a jikinsa. Na yi kuka a kan buhun nan, gaban matarsa da mamanki, ban ji kunya ba. Muka koma yarenmu na gida, ashe ma kakarsa da gwaggona unguwarsu ɗaya. Ya cika mana leda da citta, ya raka mu har bakin hanya, ya ce, "Baba, ka gyara ganuwan ka fa, kullum ina gani yana ba ni tausayi."

Ga abin da nake so ki riƙe daga wannan, ko da kin manta sauran. In wani ya yi shiru, a wurin aiki ko a zumunci, kada ki fara duba doka. Ki fara tambayar kanki wane wata ake ciki a rayuwarsa. In ba ki sani ba, ki je ki gani da ƙafarki. Kuma in kin yi wa mutum ba daidai ba, ki lura da mai haƙurin da ba ya ƙara, don shi ne zai ɗauki laifinki ya aza a kansa ya yi shiru.

Istifanus ya dawo ƙungiyar a ranar. Hajara ta ce ita sai an cika mata sharaɗi: a share dokokin nan duka. Na ce a bar ko uku, ta ce ko ɗaya. Mamanki ta ƙarasa aikin, ta hura wuta da littafin kiran sunan, wai takardarsa tana kamawa da kyau. A madadinsu muka ɗauko abin da sunan ƙungiyar yake faɗa mana tun farko ba mu ji ba. A gayyar noma ta ƙauyenmu, wanda ya riga kai ƙarshen layinsa ba ya zama a inuwa, juyowa yake ya tari na baya daga ɗaya bakin har su haɗu a tsakiya. Haka muke yi yanzu. Wanda aiki ya riƙe, sai a ce ya tafi hutun citta, a cire sunansa daga karon makon, a riƙa aika wa garinsa masu gadi har ya dawo. In bai faɗa ba, wani ya kira shi. Ɗalibai suna tafiya hutun citta lokacin jarrabawa, Hajara tana tafiya hutun citta ana gab da Sallah in ɗinki ya yi mata rubdugu, alhali ko gindin citta ɗaya ba ta taɓa dasawa ba. Ba mu cika ci ba, gaskiya. Amma mun koma ashirin da wani abu, kuma tun daga lokacin ba wanda ya fita da fushi.

Saura kuskuren ƙarshe, wanda ba ki sani ba, ko kuma kin sani kin rufa mini asiri. Ranar da gayyatar farko ta zo miki daga babbar ƙungiyar, na ga yadda fuskarki ta haskaka. Kin fi ƙarfinmu tuntuni, kowa ya sani, ke kike jan mu kamar yadda ake jan saniya mai gardama. Maimakon in ce ki je, sai na yi ajiyar zuciya na ce, "To, ai shi ke nan, mu tsofaffi sai mu lallaɓa." Kika ƙi gayyatar. Na ji daɗi, Allah ya gafarta mini. Da na ga dabarar ta ci, sai na ɗauko ta na kawo cikin gida. Bara da takardar aikin Ibadan ta fara zuwa, ƙafar da ta kai ni Nok a kan babur ta dawo tana ɗingishi. Kika rubuta musu cewa mahaifinki bai warke ba. Shekara guda ta rayuwarki na ci da ɗingishin ƙarya. Mamanki ce ta kama ni, ta tarar ina bin kaza da gudu a bayan gida. Ta tsaya ta riƙe ƙugu ta ce, "Malam, wannan ƙafa naka, sai Alheri ta shigo ne yake ciwo? Ka ji tsoron Allah. Ka saki yarinyan nan." Tsoro nake ji, 'yata. Ina tsoron ɗakin nan ya sake yin shiru kamar wancan lokacin. Amma tsorona ba kayanki ba ne da za ki ɗauka, ki yafe mini.

Ki kiyayi masu riƙe mutum da tausayi, ko da masu ƙaunarki ne, ko da ubanki ne. Ki taimaki wanda yake bukata da dukan zuciyarki, aikinki ke nan, amma ki riƙa duba ko ƙafar tana ciwo in ba kya ɗakin.

Yanzu ga abin da muka yi a bayan idonki. Ran Lahadi bayan an taso sujada, kina wurin sallama da ƙawayenki, na tara 'Yan Gayya ta waya na faɗa musu duk abin da na faɗa miki a nan, har da kazar. Sun yi mini dariya son ransu. Hajara ta yarda za ta karɓi shugabanci in kin miƙa mata, bisa sharaɗin kada a sake ba ni ikon korar ko sauro. Ƙofar gabas ni zan tsare, Istifanus ya yi alkawarin gyara mini ganuwa kafin nan. Kada ki ji tsoron barina. Ina da mai gaishe ni da safe, ina da wanda zai hau dutse don ya ji lafiyata, ina da mamanki da ba ta bari in yi ƙarya ta kwana. Duk ke kika haɗa ni da biyun farko, ta ukun kuwa ni na nemo abata.

Saboda haka in kin sauka, kin yi wanka, kin ci abinci, ki buɗe wayar ki miƙa wa Hajara shugabancin, ki karɓi gayyatar mutanen nan, ki danna fita. Ki je ki kara da sa'o'inki, a wasan da kuma a asibitin. Wasan zai rubuta mana cewa Alheri ta bar ƙungiya, kuma na roƙi kowa ya bar ni in zama na farkon da zai rubuta godiya a ƙarƙashinsa. Na faɗa musu haka ran Lahadi. Can sai ga saƙon Istifanus: "Baba, wasan zai rubuta abin da ya ga dama. Mu a wurin mu ba fita ta yi ba. Hutun citta ta tafi."

Ki je ki haƙa taki, 'yata. Ba mai duba kwanaki, littafin ya riga ya shiga murhu.

Ubangiji ya tsare fitarki da shigarki a baƙon gari, ya sa albarka a hannuwanki a kan kowane majinyaci, ya ba ki mutanen da za su lura in ba ki zo ba. Ya dawo mana da ke lafiya a lokacin da ya ga dama, ya same mu da rai. Mamanki tana gaishe ki, ta ce accar ki tankaɗe ta kafin ki dafa.

Ni ne mahaifinki mai godiya,
Yohanna, wanda kuka sa wa Hedimasta